Kaka, lokacin natsuwa

Yara, cikin lokutan shekara duka, kaka na fi so. Tana zuwa bayan damina, wajen watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso.

Ku dubi abin da ke kewaye da ku. Ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa. Shamuwa, wadda ta zo mana da albishirin ruwa, ta tashi ta nufi kudu. Gawo kuwa, da ya yi damina ba ganye, yanzu ne yake tofo. Allah ya ba kowane abu lokacinsa.

Manomi ya yi wata huɗu bai zauna ba: shuka, noman farko, maimai, sa'an nan girbi. Tun da asuba yana gona, sau da yawa da ƴar fura kaɗai a cikinsa, domin rumbu ya kusa ƙarewa. In an ɗaure hatsi an kai gida, an cire gujiya, an tsince wake, sai ya jingine hauya. Gona ma ta huta. Shanun makiyaya su shiga, su ci kara, su bar mata taki.

A ganina, zuciya ta fi jiki bukatar wannan hutu. Mai gaggawa ba ya tuna wanda ya yi masa alheri. Sai mutum ya zauna gindin rumbunsa yake tunawa cewa shi ya shuka, amma ba shi ya saukar da ruwa ba. Sai ya gode wa Allah. In hatsin ya kai nisabi, ya fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya ba mabukata. Ya ziyarci ƴan'uwan da aiki ya hana shi gani.

Natsuwa kuma ita ke kawo lissafi. Rumbun nan shi zai ciyar da gida har wata kaka. Wanda ya yi saurin sayar da hatsinsa da araha yanzu, zai saye shi da tsada tsakiyar damina. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar dami guda.

Mu ƴan lakwal, a kaka muke komawa aji. Iyayenmu sun gama nomansu, namu yanzu ya fara. Yau da dare, in an ci tuwon sabon hatsi, ku gode wa Allah, ku ce wa iyayenku sannu da aiki.