Gadon da ba ya komawa ga uwa

Akwai wata ƙa'ida a tsarin Unix da zuri'arsa, irin su Linux da macOS, wadda takan ƙona ran mai koyo, ni kuwa ina cikin masu kare ta. Mutum ya rubuta gajeren fayil na umarni domin ya sauya PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajoji. Ya gudanar da shi, babu saƙon kuskure, amma da ya duba sai ya tarar PATH na nan yadda yake.

Dalilin yana cikin yadda ake haifar aiki. Shel, manhajar nan da ke karɓar umarni a baƙin allo, ba ta karanta fayil ɗin da kanta. Takan tsaga kanta biyu ta hanyar kiran da ake ce wa fork, sai sabon aikin, wanda masana ke kira ɗa, ya tafi da kwafin bayanan muhallin uwarsa: sunaye da ƙimominsu, kamar PATH da HOME. Duk abin da ɗan ya goge ko ya ƙara, a kwafinsa ya yi, kuma da zarar ya kammala aiki kwafin ya bi shi. Abin da ke komowa ga uwa lamba ce tak, daga 0 zuwa 255, sai kuma rubutun da ya fitar. Umarnin export ma ƙasa yake kallo: 'ya'yan da za a haifa nan gaba yake tanada wa.

Maginan tsarin su kansu sun yi tuntuɓe a nan. Dennis Ritchie ya ba da labarin cewa bayan sun shigar da fork a Bell Labs, sai umarnin sauya babban fayil, chdir, ya daina aiki. Sun yi ta bin lambobin manhajar kafin su gane cewa umarnin yana aiki sarai, ɗan ne kawai yake ƙaura, uwar na zaune a inda take. Shi ya sa har yau cd yake cikin jikin shel.

Mafita biyu aka saba da su, kuma dukkansu suna bukatar yardar uwa. Da source, ko ɗigo guda, shel takan karanta fayil ɗin da kanta ba tare da ta haifi kowa ba. Abin da ya sa ke nan masu rubutu da Python suke kiran activate ta wannan hanya. Ta biyu ta fi burge ni: ssh-agent yakan buga umarnin da yake so a aiwatar, mai kwamfuta kuma ya miƙa wa shel ta hanyar eval. Ɗa ya kawo shawara, uwa ta zartar.

Masu ganin wannan a matsayin wahalar banza su tuna da PATH. Da a ce kowace manhajar da aka sauko da ita daga intanet tana iya taɓa muhallin uwarta, da ta sa nata wurin a gaban jerin, sai mutum ya rubuta sudo, wata jabun manhaja ta amsa, ta karɓi kalmarsa ta sirri. Katangar ba ta toshe kowace kafa ba, domin ɗa na iya yin rubutu a fayil ɗin .bashrc, wanda shel ta gaba za ta karanta, sai dai wannan yakan bar sawun da ake iya gani. Saboda haka duk lokacin da umarnin girka wata manhaja ya ce in yi eval, nakan fara gudanar da shi ba tare da eval ba, in karanta abin da ya buga layi bayan layi.