Tafiyar Auta a Jirgin Sama

Gidanmu a Kano gida ne na masu son jirgin sama. Kakanmu yakan ba mu labarin da ya ji daga bakin mahaifinsa, na ranar da jirage 3 suka iso Kano daga Masar a shekarar 1925, mutanen gari suka fita kallo. Baba kuwa makanikin jirgin sama ne. Ni ma tun ban iya karatu ba nake zanen jirage da gawayi a jikin bango.

Ina aji biyar aka mayar da Baba aiki Legas. Bayan tafiyarsa aka haifi ƙanwata, wadda muke kira Auta. Da ta cika wata 4, sai ya aiko mu je ya gan ta. Ya ce mini, "Kai ne babba, ga amana na ba ka. Ka tuna wa Innarka ta shayar da Auta sa'ad da jirgi zai tashi, da kuma sa'ad da ya fara saukowa."

Yara, kun san dalili? In jirgi ya yi sama, matsin iskar da ke cikinsa yakan ragu. In yana saukowa kuma ya ƙaru. To, akwai wata siririyar kafa da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro. In mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma, sai kafar ta buɗe, iska ta daidaita, kunne ya huta. Jariri bai san ya yi haka da gangan ba, amma in yana tsotso dole ya haɗiya.

Ran tafiya muka shiga jirgi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, saboda haka Inna ta rungume Auta, aka ba ta wata 'yar ɗamara ta ɗaura mata. Da jirgi ya fara gudu na tuna wa Inna, ta lulluɓe Auta da mayafi ta ba ta mama. Muka tashi lafiya, Auta ta yi barci.

Tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce. Ni dai na manne fuskata a taga, ina kallon gajimare kamar tulin auduga. Da aka sanar za mu fara sauka, hankalina na kan fiffiken jirgi, na manta da saƙon Baba ɗungum.

Ba a jima ba Auta ta farka da wata irin ƙara. Ta yi ta tsala ihu, tana murza kai a ƙirjin Inna, ta ƙi karɓar mama. Inna ta ruɗe, idonta ya kawo ruwa. Gabana ya faɗi, domin na san laifina ne.

Sai wata tsohuwa da ke gefenmu ta ce, "'Yar nan, kwantar da hankalinki, kunnenta ne. Miƙar da ita zaune, ki lallashe ta tukuna, sa'an nan ki sake ba ta." Inna ta yi haka. Can Auta ta kama tsotso, kukan ya lafa. Inna ta ce, "Allah ya saka da alheri, Iya."

Da muka sauka, Baba ya karɓi Auta yana murna. Ban ɓoye masa kome ba. Ya dafa kaina ya ce, "Ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Matuƙin jirgi ma ba ya dogara ga tunaninsa kawai. Yana da takardar da yake bi, abu ɗaya bayan ɗaya, kafin ya tashi da kafin ya sauka."

Ran komawarmu na rubuta saƙon a 'yar takarda, na riƙe ta a hannu tun daga Legas har Kano. Auta ba ta yi kuka ba. Rigakafi ya fi magani.