Noti biyar da ban koma na ɗaure ba

A ƙasarmu ta Makarfi, wanda ya noma rake bai gama aiki ba sai ya fitar da shi daga fadama, kuma kuɗin mota ne ke cinye ribar. Shi ya sa a kakar 2019 na ƙudurta sai na haɗa amalanken ƙarfe da zan riƙa ɗaurawa a bayan a-kori-kurar yayana, mu kwashi lodi biyu a sawu ɗaya. Har lissafi na yi cewa in rake ya ƙare zan shiga Ikara da Hunkuyi ɗaukar kwandunan tumatir.

Na je Zariya wajen 'yan gwangwan na sayo ƙafar baya ta wata matacciyar mota, da tayoyinta. Wani dattijo mai walda ya haɗa mini gangar jikin cikin kwana huɗu. Ranar da zan ɗauka ya ce, "Yaro, in ka ɗan taɓa tafiya da kaya, ka tsaya ka sake bin notocin tayar nan da sifana, ɗaya nan ɗaya can, a giciye. Tsatsa da fenti na murƙushewa, noti ya saki. Fitila kuma ka kai wa mai wayarin." Na ce, "To, Baba." A bakina kawai maganar ta tsaya.

Kuɗin mai wayarin a fenti na zuba su, kore shar, don a gani a yaba. Fitilar da kaina na yi. Na jawo waya daga bayan motar, na murɗe da hannu, na naɗe da leda. Wayar da wuta ke komawa ta ita ban sa ba, na bar wa ƙarfen mahaɗi wannan aikin, alhali ƙarfen da ke wasa cikin giris da ƙura ba ya riƙe wuta. A ƙofar gida ta kama, na gamsu.

Yammacin Talata muka yi lodi, muka kama hanya da dare don mu riski kasuwar Laraba. Hazo ya sauko. Ɗan yayana, mai shekara 12, ya roƙa a bar shi ya hau saman raken, na bar shi. Kafin mu kai Tashar Yari na ji wani ƙwas-ƙwas daga baya, na ce hanya ce. Can sai amalanken ya durƙusa ta hagu, taya ta fice ta wuce mu ta faɗa gona. Wani mai babur da ke bayanmu ya kauce da ƙyar ya zube a gefen titi, ya tashi yana cewa bai ga ko ɗigon haske ba.

Na fito ina kiran sunan yaron. Daƙiƙun da suka wuce kafin ya amsa daga cikin tarin raken, har yau ina jin su a ƙirjina. Gwiwa kawai ya kuje, Allah Ya tsare.

Da gari ya waye na tsugunna gaban tayar. Ramukan notin, da suke zagayayyu, sun koma kamar ƙwai. Daga kowane rami jan layin tsatsa ya zubo. Nan jikina ya yi sanyi, domin na ga layukan nan tun la'asar, muna lodi. Na gan su da idona, sifana tana ƙarƙashin kujera, na ce ai sabo ne, kuma magariba na matsowa. Ba rashin sani ya kai ni ba. An faɗa mini, na ji, girman kai ya hana ni yarda cewa abin da na ɗaure da hannuna zai iya saki. Da yaron ya mutu, da wane baki zan gaya wa uwarsa cewa minti biyar na ƙi bayarwa?

Na koma wajen dattijon kaina a ƙasa. Bai ce mini "na faɗa maka" ba, ya dai tambayi jikin yaron, sannan ya aika a kira mai wayarin.

Ɗan'uwa mai amalanke, in ka ga jan layi a bakin noti, tsaya a nan inda kake. Kada kuma ka ɗora yaro a saman lodi.