Daren da Na Yi Gadin Aladu

Ni jikan maharbi ne. Kakana ya shekara da shekaru yana kwana a gona da bindigarsa adaka, yana gadin mugun dawa, saboda haka na tashi da yaƙinin cewa dabba mai ɓarna ba ta da magani sai harsashi. Da wannan yaƙini na tafi Amurka karatun aikin gona, kuma a can ne wani dattijo manomin gyaɗa a Jihar Teksas ya warware mini shi.

Ranar da ya zaga da ni gonarsa, na ɗauka garma aka sa mata. Ashe aladun daji ne suka tone ta a dare ɗaya. Baƙi ne a ƙasar. Turawan Sifen suka shigo da aladu a 1539, wasu suka tsere daji, sannan a shekarun 1930 aka kawo wa Teksas na dajin Turai domin masu sha'awar farauta, iri ya gauraya. An ƙiyasta sun haura miliyan 6 a Amurka, domin cikin mace wata 3 ne da mako 3 da kwana 3.

Na ce, "Baba, ina maharbanku?" Sai ya yi dariya. Maharba kam ga su nan birjik. A 2011 jihar ta halatta wa mutum ya biya kuɗi ya hau jirgi mai saukar ungulu ya harbe su, a 2019 kuma ta yafe lasisin farauta ga mai harbinsu a filin da mai shi ya amince. Amma wanda ke karɓar kuɗin maharba a filinsa, yaushe zai so alade ya ƙare? Har akwai masu ɗaukar su a mota su sake su inda babu. Harbi kuwa biyu yake kashewa, ya koya wa sauran wayo. Shi ya sa a 2016 Jihar Mizuri ta hana farautarsu a dazuzzukan hukumarta, ta dogara ga tarko.

Tarko shi ma dattijon ya kafa: shingen ƙarfe mai faɗi, da ƙofar da ake saki ta wayar hannu. Mako biyu yana zuba masara a ciki domin garken ya saki jiki. A daren da nake ba da labari muna cikin mota muna kallon wayar. Goma sha ɗaya sun shige, babbar uwarsu ta toge a bakin ƙofa tana sunsune-sunsune. Jinin kakana ya motsa, na ce, "Baba, saki mana!" Ya ce in ba ta shiga ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ta sa ƙafa ɗaya ke nan sai muka ji ƙarar bindigogi daga filin maƙwabci, baƙinsa ne 'yan birni. Kafin ƙiftawar ido garken ya watse. Dattijo ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya tayar da mota, ya tambaye ni ko zan samu zuwa da sassafe in kama masa buhun masara.