Miya ba manja

Jama'a, tsadar manja ta sa gidaje da yawa a Ikara, Makarfi da Kudan suna kaɗa miya ba ɗigon mai. Abin da ke damuna bitamin A ne, don sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa sosai, ko da zogale ya cika tukunya. Rashinsa ke kawo dundumi, kuma ƙyanda ta fi kayar da yaron da ya rasa shi.

In makon lafiyar mata da yara ya zo, a kai su, kyauta ne. Shuɗin kafso na ɗan wata 6 zuwa 11, ja na shekara 1 zuwa 5, duk wata shida. Amma don Allah kar a zagaya wani asibitin a karɓo na biyu wai ƙarin lafiya. A hanta yake taruwa, yawansa na sa yaro amai.