Kifin rijiya a bakin filin jirgi

A wannan makon za mu ɗan ajiye kwalin magani mu yi maganar tafiya, ko da yake za ku ga cewa kwalin zai biyo mu kafin mu ƙare.

Idan kana zaune a Kuje, mai karatu, ba ka buƙatar a gaya maka ana tafiya a duniya. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe maƙwabcinka ne. Da asuba ka ji rugugin jirgi, da dare ka hangi fitilarsa tana ƙyaftawa ta bisa rufin gidanka. Sai dai ka ƙirga mutanen layinku da suka taɓa shiga cikinsa. Kai, bar ma batun jirgi. Mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa taka Rubochi ko Gwargwada, waɗanda duk cikin ƙaramar hukumar Kuje suke?

Abin da ya sa na ɗauko zancen, mu nan muna jin daɗin yi wa Amurkawa dariya. A ce wai Ba'amurke bai san inda Najeriya take ba, ya ɗauka Afirka ƙasa guda ce, alhali Baturen Ingila duk inda ka je a duniya sai ka same shi da jakarsa a baya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta ta ce a 1990 kashi 5 cikin 100 na Amurkawa ne kawai ke da fasfo, kuma zuwa ƙarshen 2023 adadin ya kai kashi 48. A Ingila da Wales kuwa, ƙidayar 2021 ta nuna kashi 13.5 ne kaɗai ba su da fasfo. Tazarar tana da yawa.

Amma kafin ka yanke hukunci cewa wancan kifin rijiya ne, wannan kuma wayayye, dubi taswira. Tekun da ya raba Ingila da Faransa, a wurin da ya fi tsukewa, bai wuce kilomita 34 ba, wato kusan nisan da ma'aikacin Kuje ke yi kowace safiya zuwa sakatariya. Tun 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin tekun, mutum ya karya kumallo a Landan, ya ci abincin rana a Faris. Shi kuwa Ba'amurke, daga New York zuwa Los Angeles sai ya shafe kusan sa'a shida a sama, ya sauka yana nan cikin ƙasarsu, kuɗinsu ɗaya, harshensu ɗaya. Jihar Texas ita kaɗai ta fi Faransa faɗi. Ƙari a kan haka, kafin 2007 Ba'amurke na iya zuwa Kanada ko Meziko ba tare da fasfo ba, don haka ƙarancin fasfon bai nuna duk wanda bai taɓa tsallake iyaka ba.

Sai kuma batun hutu, wanda a ganina shi ne babba. Dokar Birtaniya ta ba ma'aikaci mai cikakken aiki kwana 28 na hutu da albashinsa a shekara. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba da ko kwana ɗaya. Mu fa? Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida ta ajiye a matsayin mafi ƙaranci, shi ma sai ka cika wata 12 kana aiki. Mai shago da ɗan acaɓa da mai sayar da doya ko wannan ba su da shi. Ga fasfo ɗin kansa, tun Satumbar 2025 ƙaraminsa ya koma Naira 100,000, mafi ƙarancin albashi kuma Naira 70,000. To ka ga, idan ana maganar wanda ƙasarsa ke da faɗi, hutunsa gajere, aljihunsa ba nauyi, mun fi kusa da Ba'amurken da muke wa dariya.

Kada kuma Baturen Ingila ya ruɗe ka da yawan hatimin da ke fasfonsa. Sifaniya ce ƙasar da suka fi zuwa, kuma akwai garuruwan bakin teku irin su Benidorm inda mutum zai yi mako biyu yana cin abincin gida, yana shan shayin gida, yana hira da 'yan garinsu, ya dawo bai iya ko gaisuwa da harshen masu ƙasar ba. Mun san irinsa a cikinmu. Alhaji ya yi wata guda a Makka, masaukinsa na 'yan jiharsu, tuwonsa wurin Tukari, a sahu kafaɗarsa tana gogar ta mutumin Indunusiya amma bai taɓa tambayarsa sunansa ba. Ya dawo da haƙorin Makka da tsaraba, ra'ayinsa game da mutane yana nan yadda ya tafi da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ba gadon zaman wuri ɗaya muka yi ba. Kakanninmu fatake ne. Da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, har kasuwar Salaga ta san su, kuma zangunan da ke Kumasi da Ankara da unguwar Sabo ta Ibadan sawunsu ne. Alhazan da da ƙafa suke ratsa Chadi su shiga Sudan, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Garin Mai Wurno da ke Sudan mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗannan mutane ba su da fasfo ko ɗaya, amma sukan dawo da harshe biyu ko uku a baki. Jikansu yau yana da wayar da ke nuna masa duniya, ga shi bai san yadda ake cewa ina kwana da harshen maƙwabcin da suke shan ruwan rijiyar burtsatse guda ba.

Nan ne Kuje ta ba mu abin da Ba'amurken ƙauye bai samu ba. Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Legas a Disambar 1991, tsadar haya ta yi ta turo mutane bayan gari, har Najeriya duka ta tare a Kuje. Ka shiga kasuwa ka saurara. Ga Batibiya da lemo, ga Ibo mai kayan gini, ga Bayarabiya mai atamfa, ga Bafulatana da ƙwaryar nono, ga mahauci daga Sakkwato. Su kuma masu gari, Gade da Gbagyi da Bassa da sauransu, suna nan tun kafin a san za a yi wata Abuja, da sarautarsu ta Gomo. Dubi matan Gbagyi yadda suke ɗaukar itace da doya a kafaɗa, ba a ka ba. Yaro ya gani ya tambaye ki dalili, me za ki ce masa? Da yawa daga cikinmu abin da muka koya wa 'ya'yanmu game da su shi ne kalmar gwaranci, wadda muke jifan duk wanda Hausarsa ta karkace da ita. Sunan da suke kiran kansu Gbagyi ne, kuma Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar Naira 20 da ke jakarki, daga nan maƙwabta ta fito.

Na san za a ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne. Mutanen Kuje ba su manta da daren 5 ga Yulin 2022 ba, lokacin da aka fasa gidan yari, ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin shekarar. Ba na cewa a kwashi yara a nufi dajin da ba a sani ba, ko a yi tafiyar dare. Amma tsoro ya wuce gona da iri idan har matar aure za ta shekara goma tsakanin gida da Islamiyya da asibiti. Maigida, ranar Asabar guda ka ɗauki iyali ku je Ushafa a Bwari, ƙauyen tukwanen da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, ko ku tsaya gindin Dutsen Zuma su gan shi ido da ido. Kuɗin mota ne kawai da ruwan sha. Macen da ta saba fita ta yi tambaya ita ce ranar da yaro ya sanƙare da tsakar dare ta san asibitin da za ta nufa da abin da za ta faɗa wa likita, ba sai ta jira an dawo daga kasuwa ba.

To, ga kwalin maganin ya iso. Abin da na fi gani a bakin kanta shi ne mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi biki ko ta'aziyya ya bar maganinsa a gida, wai ai kwana uku ne. Kwana ukun ya zama goma. Wasu kuma da gangan suke ƙin shan ƙwayar hawan jinin da ke sa yawan fitsari ranar tafiya, mata kuma su ƙi shan ruwa tun daga Kuje har Kano saboda babu bayi a hanya. Kada ki daina magani da ra'ayin kanki. Tambayi likita ko mai haɗa magani ko za a iya sauya lokacin shansa a ranar. Ruwa kuwa a sha, musamman yaro mai sikila, wanda ƙishirwa da sanyin na'urar mota kan tayar masa da ciwo. Allurar insulin ba a barinta a but ɗin mota rana ta dafa ta, ba a kuma sa ta cikin manyan kaya a jirgi inda za ta iya daskarewa. Jakar hannu ce wurinta.

Ka riƙe sunan maganinka na asali, ba sunan kamfani ko launin ƙwaya ba. Ko Turawan nan biyu ba su daidaita ba. Abin da mu da Ingila ke kira farasitamol, a Amurka asetaminofen ne, kuma shi ne cikin Tylenol kamar yadda yake cikin Panadol. Wanda bai sani ba sai ya haɗa biyun ya sha, ya ɗora wa hantarsa ninki. Maganin shaƙa na asma da muke kira salbutamol su albuterol suke ce masa.

Mai ƙetare iyaka ya nemi katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, aƙalla kwana 10 kafin tashi, domin sai bayan kwana goman yake fara aiki. Allurar sau ɗaya ta isa har tsawon rai. A yi allurar da gaske, kada a sayi kati a bayan fage, don sauro ba ya karanta takarda. Maniyyata kuma da rigakafin sanƙarau. Duk magani ya tafi cikin kwalinsa da takardar likita, kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan'uwanka ne, sai ka buɗe ka gani. Tiramadol da kodin na iya kai mutum kurkuku a Saudiyya. Ba mu manta da ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umara a ƙarshen 2018 ba, wadda ta shafe watanni a tsare saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta, kafin gaskiya ta fito.

Ku kuma da 'yan'uwanku ke zuwa hutu daga Ingila ko Amurka, ku gaya musu tun kafin su taso su ga likita a ba su maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Garkuwar da jiki ya saba da ita tana raguwa idan mutum ya daɗe a waje, yaran da aka haifa can kuwa ba su da ita sam. A tanadar musu gidan sauro, kuma idan zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikinsu bayan sun koma, ko da bayan watanni ne, su faɗa wa likitan can cewa daga Najeriya suke.