Ni Na Saya Mata Igiyar

Da 'yar yayata ta dawo hannuna don karatun jami'a, ta zo da ɗabi'ar da ta burge ni. Ana idar da sallar asuba za ta fita sassarfa, da yamma kuma tsallen igiya. Ni mai fama da hawan jini, wadda likita ke ta yi wa naci kan motsa jiki, sai na riƙa kafa wa 'ya'yana misali da ita. Har sabuwar igiya da takalmin gudu na saya mata.

Ta bar tuwo, wai yana mata nauyi. Shinkafa ta bi baya. Kayanta suka yi mata yawa, na ce amfanin motsa jiki ke nan. Ranar da ruwan sama ya hana ta fita, ta wuni tana kai-komo a falo, ta ƙi zama. Na kira wannan himma.

Sai ƙafarta ta fara ciwo. Hoton asibiti ya nuna ƙashi ya tsage, alhali ba ta faɗi ba. Bugun zuciyarta bai kai 50 a minti ɗaya ba. Likita ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ta ce watanni. Gida ɗaya muke kwana, ban sani ba. Likitar ta ce idan jiki yana ƙona fiye da abin da ake ba shi, yakan tsayar da al'ada, sinadarin istirojin ya ragu, ƙashi ya raunana. Sunan cutar anoreksiya, kuma tun 1873 likitan Ingila William Gull ya lura cewa masu ita, duk ramarsu, ba sa iya zama wuri ɗaya.

Duk wannan bai shige ni ba sai da na ji ƙarar igiya a ɗakinta cikin dare. Na tura ƙofa, na same ta tana tsalle a kan ƙafar da aka ɗaure, hawaye na zuba. "Anti, ki yi haƙuri, in ban yi ba ji nake kamar zan mutu." Na kasa ɗaga ƙafa daga bakin ƙofar. Yarinyar nan tsoro ne ke kora ta, igiyar ke ɗan lafar mata da shi, gobe kuma ya dawo. Ashe duk yabon da nake yi, cutar nake yi wa kirari, tana ji tana ƙara ƙaimi.

Yanzu tana ganin likitan ƙwaƙwalwa da masaniyar abinci. 'Yar'uwa, idan 'yarki tana motsa jiki, ki lura da halin da take shiga ranar da ta fasa, ki dubi kwanonta, ki tambaye ta al'adarta. In amsar ta tayar miki da hankali, ki kai ta asibiti a makon.